Shekarar da Ragon Inna Ya Ci Ƙwai

Mijina malamin firamare ne a Tambuwal, kuma irin mutanen nan ne da in suka koyo sabon abu, sai duk gida ya koya, ana so ko ba a so. A shekarar da aka sami 'yancin kai, bayan an gama kaɗe-kaɗe an raba wa 'yan makaranta tutoci, aka kira malamai Sakkwato wani ɗan kwas a kan lafiyar yara. Wasu malaman sun dawo wa matansu da turmin atamfa. Nawa amino asid ya kawo mini.

Tun bai cire hula ba ya zaunar da ni. Ya ce jikin mutum gini ne, kuma tubalan da ake ginin da su sun kai iri ashirin, su ne amino asid ɗin. Wasu jiki da kansa yake bugawa, amma akwai takwas da bai iya ba, dole a kawo masa su cikin abinci. Kowanne da aikinsa, wani yana taimakon tsawo, wani tsoka, wani jini, wani ya ɗinke wuri in an ji ciwo, har da mai hannu a cikin baƙin gashi. In ɗaya ya yi ƙaranci, sauran sai su naɗe hannu, gini ya tsaya. Sunayensu kuwa, Allah ya tsare, kamar ana kiran iskoki a gidan bori: layisin, metiyonin, tiriftofan. Na ce ya rage murya, kada maƙwabta su ce mun fara tsafi.

Daga ranar ban sake ba shi tuwo cikin kwanciyar hankali ba. In na ajiye akushi sai ya buɗe, ya leƙa, ya fara kiran suna kamar yadda yake yi wa 'yan aji da safe. Ya kira wannan, ya amsa da kansa, ya kira wancan, ya amsa, sannan ya ɗago ya dube ni da fuskar hedimasta ya ce layisin bai zo ba yau. Gero da dawa, in ji shi, layisin ɗinsu kaɗan ne. Wake kuma yana da shi har ya yi kyauta, sai dai metiyonin ya yi masa rowa. In an haɗa su sai aji ya cika. Ƙwai da nono da nama kuwa, kowa yana nan a zaune. Wata rana na ƙule na ce in layisin bai zo ba ya tashi ya je gidansu ya ɗauko shi, ni na gama girkina.

A daidai lokacin ne aka kai ɗanmu yaye Kebbe, wurin mahaifiyata. Ɗan fari ne. Yaran yanzu suna rungumar ɗan farinsu a gaban kowa har su sumbace shi, amma mu a zamaninmu ba ka kiran sunansa, ba ka ɗaukarsa a gaban manya, ba ka tambayar lafiyarsa. In ya faɗi a gabanka sai ka kau da kai, wani ya ɗaga shi. Ni "yaron nan" nake cewa, Malam kuma "wancan". Inna ce ta zo da kanta ta goya shi, tana yi masa kirari da mijinta, suka hau motar kasuwa. Na tsaya a tsakar gida ina tankaɗe garin da na riga na tankaɗe, don kada a ga idona.

Bazara ta shiga sosai kafin mu sami labari. Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ke kawo daddawa kasuwar Tambuwal, ta sauka a gidanmu ta sha ruwa, ta fara ba da labarin Kebbe ba wanda ya tambaye ta.

"Mijin Innarku ya yi kumatu awa an hura shi," in ji ta. "Har ƙafafunai sun cika. Ga shi ya natsu, ba shi ƙiriniya ko kaɗan. Gashinai ya yi ja-ja, ya yi laushi, kowa na yaba shi."

Ni har na ji daɗi a ɓoye. Malam ne na ga ya ajiye moɗa a hankali. Ba dama ya tambayi abin da wancan yake ci, sai ya tambayi lafiyar shanu. Gwaggo ta ce ai shanu sun bi yayyena kudu neman ciyawa tun da rani ya yi tsanani, gidan ko ɗigon nono babu. Ya tambayi yadda ake shan fura ke nan, ta ce da ruwa da tsamiya. Ya tambayi yadda Inna ke fama da yawan dama koko, ta ce ai safe da rana da yamma koko ne, mijinta ba ya ƙin sa.

Da yamma na ajiye masa tuwo, ya buɗe, ya ci shiru bai kira sunan kowa ba. Wannan shirun ne ya fara ba ni tsoro. Da ya wanke hannu, yana kallon bango, ya ce an nuna musu irin wannan a kwas. Yaron da aka raba da nono aka bar shi da zallar koko, cikinsa yana cika amma ginin ya tsaya, sai ruwa ya taru a ƙarƙashin fata a ɗauka ƙiba ce. Ya ce in an danna ƙafa da ɗan yatsa aka ga wurin ya lotsa bai taso ba, to shi ne. Na tambaye shi ko ana warkewa. Ya ce ana warkewa in an yi hanzari, in ba a yi ba ana rasa yaron.

Muka fara da hanyar da ta dace, wato muka aiki Gwaggo. Malam ya yi ta biya mata saƙon har ta haddace: a riƙa ba yaro dafaffen wake, da garin ƙuli-ƙuli a koko, da ƙwai. Kasuwa ta zagayo, ta dawo da amsa, kuma ta kawo ta da muryar Inna da harararta. Wai ƙwai dai ba a ba yaro, kowa ya sani sata yake koya masa. Wake kumburin ciki ne. Ƙuli-ƙuli na masu haƙoran tauna ne. Ita ta yaye 'ya'ya kafin a haifi wanda ya aiko saƙon, kuma in iyayen zamani sun zubar da kunyarsu a hanyar Sakkwato, ita tata tana nan a ɗaure. Gwaggo ta ce kada mu sake aikenta, don saura kaɗan a haɗa da ita.

Sai muka tuna Inna tana da ciwon gwiwa. Ciwon ya fi shekara goma, ba wanda ya taɓa tasowa takanas don shi, amma a makon nan ya zama abin dubiya. Muka hau motar kasuwa, inda ta tsaya muka ƙarasa a ƙafa, Malam yana tura kekensa da ƙullin kayana a baya.

Ina shiga na gan shi zaune a kan tabarma a gindin rumbu. Yaron da ya bar gidana yana gudu yana ɓarar mini da tukwane, ga shi an ajiye shi ya zauna inda aka ajiye shi. Fuskar ta cika, idanun sun shige ciki. Ya dube ni bai yi dariya ba, bai yi kuka ba. Na wuce shi kamar ɗan maƙwabta, na durƙusa na gai da Inna da gwiwa. Ta ce gwiwa da sauƙi, in dubi yadda mijinta ya yi kyau a hannunta. Na sunkuyar da kai na tambaye ta inda ta ajiye tsintsiya.

Sai da ta tayar da sallar azahar na zagaya. Na durƙusa, na kama ƙafarsa, na danna da babban yatsa a bayan ƙafar, na ɗaga. Ramin yatsana ya zauna a wurin kamar na danna ƙullin tuwo. Na jira ya taso, bai taso ba. Ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, kuma ba dama ko in yi kuka, don Inna tana raka'ar ƙarshe.

Na je zaure inda aka sauki Malam, na gyaɗa masa kai kawai. To, ga matsalar. Ni ba ni da bakin maganar ɗan fari a gaban uwata. Shi kuma nasa ɗaurin biyu ne, ga ɗan fari ga suruka. Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa ganin fuskar Inna sosai ba, ƙafafunta ya sani. In zai gaishe ta sai ya tuɓe takalmi tun daga zaure, ya tsuguna a bayan zana, ya yi magana da ƙasa. Mutumin da ke tsawata wa aji guda, a gaban Inna muryarsa ba ta fi ta sauro ba.

A bakin zanar nan kuwa akwai turke, a turken akwai rago. Inna ta ware shi don layya, amma ragon ya ƙi ta. Ramamme ne, haƙarƙarinsa a waje, wuyansa kamar muciya, ga ido na marar gaskiya. Maƙwabciyarta tana da nata rago mai ƙiba, kuma kullum sai ta leƙo ta katanga ta tambayi jikin na Inna kamar mai dubiyar majinyaci. Abin yana cin Inna ƙwarai. Malam ya dubi ragon nan, na ga idonsa ya yi haske, na san wata dabara ta zo, kuma na san dabarun Malam.

Ya ce mini zai yi wa Inna bayanin kiwon rago. Zai faɗi komai, tubali da layisin da ƙwai, a kan rago. Inna mace ce mai kaifin hankali, da kanta za ta waiwaya ta dubi wancan ta gane. Ba wanda ya ambaci ɗan fari, ba wanda ya yi rashin kunya. Gaskiya ni ma a lokacin na ga dabarar ta yi.

Da la'asar ya tsuguna a bayan zana, Inna tana ciki a kan kujerarta da yaron a cinya, ni ina gefe ina tsince shinkafar da ba tsakuwa. Ya gaishe ta da gwiwa, sannan ya ce ya ga rago. Inna ta gyara zama. Ya ce duk ɗan dabbar da aka raba da nonon uwarsa aka bar shi da abinci iri ɗaya, to gininsa tsayawa yake yi. Ya kawo tubali ashirin, ya ware takwas, ya faɗi aikin kowanne. Tun yana magana da ƙasa har ya manta, murya ta buɗe, ya koma aji. Ban taɓa jin ya yi darasi mai kyau kamar na ranar ba. Inna kuwa ba ta taɓa sauraron wani mahaluki haka ba. Har tambaya take yi, wake danye ko dafaffe, ƙuli-ƙulin a daka ko a jiƙa. Da ya zo kan ƙwai sai ta ce ita dai ta san ƙwai da koyar da sata. Sai kuma ta ba kanta amsa, ta ce ko ragon ya koya kwanansa nawa suka rage, ai wuƙa tana jiransa.

Malam ya ga an kusa tashi ba a waiwaya ba, sai ya tattara duk ƙarfin halin da Allah ya ba shi.

"Inna, wanga abin da nika faɗi ba ga rago kaɗai ba na. Dut abin da ad da jini a jiki, haka shike."

"Gaskiya na, Malam," in ji Inna. "Har jaki."

Ta sa masa albarka, ta ce ashe boko yana da amfani. Ya tashi ya koma zaure yana tafiya kamar wanda aka zare wa laka.

Washegari ya koma Tambuwal saboda makaranta, ni na ce zan zauna in taya Inna aiki har gwiwa ta lafa. Aikin da aka ba ni kuwa shi ne girkin rago. Ni ce mai dafa wake har ya yi lugub, ni ce mai daka ƙuli-ƙuli, in zuba dusa, Inna ta kawo dafaffen ƙwai daga ɗakinta ta murmushe a kai da hannunta. In ɗauki ƙwaryar nan, duk takwas ɗin Malam suna ciki a zaune, in wuce ɗana da kokonsa, in kai wa rago. Da farko ragon ya shinshina ya kau da kai, don shi ma bai taɓa ganin irin wannan gata ba. Da ya ɗanɗana sai ya zama ba ya jiran a ajiye.

Na yi ƙoƙarin sata, ni da ban ci ƙwai da yarinta ba. Amma Inna ba ta sauke mijinta. Yana bayanta in tana aiki, yana cinyarta in ta zauna, tare suke kwana. Ƙwan kajinta kuwa ta san su kamar 'ya'yanta, har ta san wace kaza ce ta yi wanne. Wata rana na samu na ɓalli rabin gwaiduwa na ƙulle a bakin zanena, ina jiran ta shiga wanka. Ragon nan ya ji ƙanshi. Ya tsinke igiya, ya bi ni, muka zagaya rumbu, muka sake zagayawa, ya kama bakin zanen ya tauna har da ƙullin. Inna ta fito ta same ni riƙe da sauran zane, ta yi dariya har da hawaye, ta ce dubi yadda dabba ke sanin mai ciyar da ita.

Rago dai ya murmure. Haƙarƙari suka ɓace, gashi ya kwanta, ya fara tunkuyin turke. Maƙwabciya ta daina leƙowa. Labari ya bazu a unguwa cewa surukin Inna ya karanto kiwon raguna a Sakkwato. Ranar da babu makaranta Malam ya taka keke tun daga Tambuwal, ya iso jiƙe da gumi don ya ga ko an waiwaya, ya tarar da mutane a ƙofar gida kowa da ragonsa a igiya. Wani dattijo har da jaki, don an gaya masa an ce har jaki. Haka ya zauna a zaure yana kiran sunan layisin a kan ragunan Kebbe, yana duba haƙora, idonsa jawur. Da na kai masa ruwa ya dube ni, na girgiza kai. Bai iya shan ruwan ba.

Shi kuwa yaron nan kullum baya yake yi. Ya daina tsayawa da ƙafarsa, ya koma rarrafe, rarrafen ma sai ya ga dama. Fatar cinyarsa ta fara saɓulewa. Kukansa ya zama ɗan siriri, ba ya kai ƙofar ɗaki. Inna tana sonsa, wannan ba shakka, ta fi ni iya nuna masa so. In ya ƙi koko sai ta yi masa waƙa, ta yi masa rawa da gwiwar da muka zo dubawa, har ya karɓa. Na rasa wanda zan ji wa haushi, sai na tattara duka na ɗora wa rago. Ban taɓa tsanar wata halitta kamar yadda na tsani ragon nan ba.

Malam yana nan bai koma ba, da hantsi, Inna ta sauke yaron a gindin rumbu ta shiga ɗaki neman wani abu. Na fito da ƙwaryar rago. Ba zan ce ban san inda na ajiye ta ba. Na ajiye ta nesa da turke, inda igiya ba ta kaiwa, kusa da tabarma, na koma bakin murhu na juya baya. Ta wutsiyar ido na ga ya dubi ƙwaryar. Ya daɗe yana dubanta. Sannan ya ja jiki, ya ja jiki, ya sa hannu ya damƙo, ya kai baki. Ya sake damƙowa. Rago ya miƙe da ƙafa biyu yana jan igiya yana ihu, kamar ɗan kasuwar da ake kwashe wa kaya yana kallo.

Ihun ne ya fito da Inna. Ta yi salati, ta ce ga shi nan, ƙanshin ƙwai kaɗai ya ji ya fara sata, ina ga in ya saba ci. Ta sunkuya ta kama hannunsa tana kakkaɓe waken, ta ja ƙwaryar. Yaron ya buɗe baki, kukan nan siriri ya fito, yana miƙa hannu wajen abincin rago.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na kira sunansa. Sunansa na yanka, da ƙarfi, a tsakar gidan uwata, har Malam ya ji daga zaure. Tun ranar suna ban taɓa furta shi ba, har na ji shi baƙo a bakina. Na ɗauke shi na rungume, na jawo ƙwaryar da ƙafa.

"Inna, ki bar shi shi ci. Ɗana na, kuma mutuwa shika yi. Wagga ba ƙiba ba ta."

Inna ta dube ni kamar na tuɓe a kasuwa. Na san in na tsaya jiran kunya ta dawo ba zan ƙarasa ba, sai na kama ƙafarsa na danna, na ɗaga yatsa, na miƙa mata ƙafar. Ta dubi ramin. Ta sa nata yatsan a ɗaya ƙafar ta danna, ta ɗaga, ta jira. Ta danna nata ƙaurin, ya taso nan take. Ta sake danna nasa.

Sai ta zauna a ƙasa, ba a kujera ba, ta miƙe ƙafafu. Na san ina da yayye biyu da suka rasu tun ban zo duniya ba, amma ba a taɓa gaya mini yadda aka yi ba, kuma ban taɓa jin Inna ta ambace su ba.

"Haka yayyenki sunka yi kumatu," in ji ta, a hankali. "Dukansu biyu, bayan yaye, da rani. Har yaba ni aka yi."

Ba ta yi kuka ba. Ta daɗe zaune tana kallon ƙafar yaron, shi kuwa yana ta cusa wake a baki, rabi a ciki rabi a ƙirjina. Ni ce na yi kukan, na mu biyu.

Da ta tashi ɗaki ta shiga, ta fito da ƙwai a hannu biyu ta sa a tukunya. Tana hura wuta tana cewa tun da dai ya riga ya fara satar, hana shi ƙwai ba ya da sauran amfani, gara ya ƙoshi ya yi ta da ƙarfinsa. Sannan ta je bakin zana, inda Malam ya riga ya tsuguna ba takalmi.

"Malam, ashe kana da baki," in ji ta. "Kas san wanga abu, kat tsaya kana karantar da rago?"

Ya ce a yi masa aikin gafara. Ta ce Allah ya gafarta mana duka, ya tashi ya nemo mota.

A ranar muka kama hanyar Tambuwal, Inna da kanta ta goya shi har ɗakin shan magani. Aka duba shi, aka ba da magani da madarar gari, aka ce a riƙa ba shi abincin kaɗan-kaɗan, kada a cika masa ciki lokaci guda. Da kumburin ya fara saɓewa sai ainihin yaron ya fito, ƙashi da fata, har na fi tsorata da ganinsa. Malam ya ce haka ake so, ruwan ne ya tafi, yanzu gini zai tashi. Ya tashi kuwa, a hankali. Ranar da ya ja mini tukunyar miya ta kife, Inna ta yi guɗa, ni kuma na rasa miyar dare ina murna.

Rago ya koma cin dusa da harawa kamar kowane rago, kuma an ce har ranar salla bai yafe ba. Da aka yanka shi Inna ta gasa hantar, ta daka, ta ba mijinta da hannunta. Malam yana bayan zana, na ji shi ƙasa-ƙasa yana kiran suna yana amsawa, har ya kai ƙarshe ba wanda bai zo ba.

Ban sake kiran sunan yaron nan ba sai bayan shekaru masu yawa, kunyar ta dawo wurinta kamar ba abin da ya faru. Inna ma ba ta sake ambaton yayyena da suka rasu ba. Amma daga shekarar, duk yaron da aka shigo da shi gidanta, na dangi ko na baƙi, kafin ta tambayi sunansa sai ta kama ƙafarsa ta danna. Matan unguwa suka ɗauka wata sabuwar gaisuwa ce ta tsufa.

Ta yi tsawon rai har idonta ya tafi. Zuwan ƙarshe da ɗana ya yi mata, yana da gemu da 'ya'yansa, na raka shi Kebbe. Ya tsuguna a gaban gadonta ya gaishe ta. Ta laluba, ta wuce hannun da ya miƙa mata, ta gangara har ta sami ƙafarsa, ta sa ya cire safa. Ta danna da ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta ɗaga, ta shafa wurin da yatsa tana jira. Sannan ta ce ya taso, ta mai da kanta kan matashi.